Horon doki ta hanyar lallashi

Horon doki ta hanyar lallashi shi ne koya wa doki yarda da mutum, da ragama, da linzami, da sirdi, har ya kai ga ɗaukar mahayi, ba tare da duka ko yunwa ko ɗaurin azaba ba. Masu bin wannan hanya suna ganin dokin da yake tutsu ko turjiya ko harbi yawanci tsoro ne yake damunsa, ko ciwo, ko kuma bai gane abin da ake so ya yi ba ne kawai, don haka maganin abin shi ne a cire masa tsoron a kuma fahimtar da shi. A shekarun baya-bayan nan Amurkawa ne suka fi yayata ta har wasu ke ɗauka su suka ƙirƙiro ta, amma gaskiya tsohuwar hanya ce sosai, an yi ta rubuta ta ana mantawa ana sake dawowa kanta sama da shekara dubu biyu.

Halin doki

Doki dabba ce da a daji ake farautarta, shi ya sa in abu ya firgita shi gudu ne farkon abin da zai zo masa. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk kewayensa amma akwai wurare biyu da ba ya gani, daf da goshinsa da kuma daidai bayan wutsiyarsa, wanda ya zo masa ta nan ba sallama shi ke shan harbi. Kuma dabbar garke ce, kaɗaici yana tayar masa da hankali, sannan ba ya mantuwa da wurin da aka taɓa cutar da shi.

Tarihi

Rubutu mafi daɗewa da aka samu kan horon dawaki shi ne na wani mutum mai suna Kikkuli daga tsohuwar daular Mitanni da ke yankin arewacin Siriya ta yanzu, wanda aka rubuta a allunan laka da harshen Hittiyawa wajen shekara ta 1345 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ko da yake masana suna ɗan saɓawa kan shekarar. An tono allunan a kufan birnin Hattusa da ke Turkiyya ta yanzu. Na dawakin keken yaƙi ne, kuma bai yi maganar tausayi kai tsaye ba, amma tsarinsa na wata shida zuwa bakwai duk a hankali yake tafiya, a ja doki da hannu, a ƙara masa nisa kaɗan-kaɗan, a yi masa wanka, a ba shi hutu da abinci a kan lokaci.

Wanda aka fi jingina wa asalin wannan tunani shi ne Zenofon, sojan dawaki kuma marubuci ɗan birnin Atina na ƙasar Girka, almajirin Sokiratis, ya rayu daga wajen 430 zuwa wajen 354 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A ɗan littafinsa kan hawan doki ya ambaci wani Simon da ya riga shi rubutu, to ka ga ke nan ko a lokacin ma ba sabon abu ba ne. Babbar ƙa'idarsa ita ce kada mutum ya kusanci doki yana cikin fushi, domin mai fushi ba ya hangen gaba, sai ya aikata abin da zai zo yana nadama. Ya ce a raini duƙushi yadda zai riƙa haɗa yunwa da ƙishirwa da cizon ƙuda da zaman kaɗaici, ya kuma haɗa abinci da ruwa da samun sauƙi da zuwan mutum, da haka zai riƙa marmarin ganin mutane da kansa. A riƙa shafa shi a wuraren da yake so, musamman inda gashi ya yi yawa da inda bakinsa ba ya kaiwa ya sosa, a riƙa ratsawa da shi cikin taron jama'a ya saba da hayaniya. In kuma ya ji tsoron wani abu a hanya, mahayin ya fara taɓa abin da hannunsa sannan ya matso da dokin a hankali, don in aka doke shi a wurin zai ɗauka abin da ya tsorata shi ɗin nan ne ya jawo masa zafin, tsoron ya ninku ke nan. Wannan bayani na ƙarshe har yau babu wanda ya zo da wanda ya fi shi, masu bincike na zamani ma abin da suke faɗa ke nan da wasu kalmomi.

A duniyar Musulmi kuwa an yi rubuce-rubuce masu yawa kan dawaki da hawansu da maganinsu. Daga cikin na farko akwai na Ibn Akhi Hizam, wanda ya kula da bargar halifan Abbasiyawa a ƙarni na 9, sai Abubakar al-Baiɗar da ya yi wa Sarkin Masar al-Nasir Muhammad aiki a ƙarni na 14. Tushen da suka tsaya a kai sananne ne, hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya hana dukan dabba a fuska da yi mata lalas a fuska, kuma ya ce sauƙin hali ba ya shiga wani abu face ya ƙawata shi. Larabawan ƙauye sun shahara da rainon dawakinsu a gindin tanti tare da iyali, ana danganta sanyin halin dokin Larabawa da wannan.

A Turai abin ya daɗe a kwance. Da aka farfaɗo da makarantun hawa a Italiya, littafin Federico Grisone na birnin Nafoli da ya fito a 1550 shi ne ya yi tashe, kuma cike yake da tsanani, har da shawarar a doki doki tsakanin kunnuwa, ko a ɗaure kyanwa a doguwar sanda a cusa ta ƙarƙashin cikin wanda ya ƙi tafiya ta yakushe shi. Wanda ya juya akalar shi ne Bafaranshe Antoine de Pluvinel, shi ma a Nafoli ya yi karatu amma da ya buɗe makarantarsa a Faris a 1594 sai ya ɗauki hanyar yabo da shafawa da haƙuri, yana ganin a fara shawo kan hankalin doki kafin jikinsa. Shi ya koya wa Sarkin Faransa Louis na 13 hawa, ya rasu a 1620, littafinsa ya fito a 1623. Bayansa François Robichon de La Guérinière, wanda ya rasu a 1751, ya ƙara tsara abin, kuma koyarwarsa ce shahararriyar makarantar hawa ta birnin Biyana a Ostiriya take bi har yanzu, inda ake ɗaukar shekaru kafin a ce doki ɗaya ya gama karatu.

A ƙarni na 19 ne aka fara maganar masu yi wa doki raɗa. Wani ɗan Ailan, Daniel Sullivan, wanda ya rasu wajen 1810, yakan kulle kansa da mugun doki a ɗaki ya fito da shi ya yi laushi, mutane suka ce wai wani abu yake raɗa masa a kunne, shi kuma bai taɓa bayyana sirrinsa ba. Sai John Solomon Rarey na jihar Ohayo a Amurka, an haife shi a 1827, wanda ya je Ingila ya yi nuni gaban Sarauniya Biktoriya a 1858, ya kuma shawo kan wani ingarma mai suna Cruiser da aka daɗe ana sa wa takunkumin ƙarfe saboda cizo. Dabararsa ita ce ya naɗe ƙafar gaba ɗaya da maɗaurin fata, ya kwantar da dokin ƙasa, sannan ya zauna yana shafa shi har ya natsu. A zamaninsa tausayi ne babba tunda ba bulala, amma yau da yawa ba za su kira wannan lallashi ba. Ya koma gida da Cruiser, ya rasu a 1866, dokin ya rayu bayansa.

Hanyar lallashin da ake gani yau ta fito ne daga makiyayan shanu na yammacin Amurka. A can dawaki suna da yawa kuma da araha, lokaci kuma babu, don haka sai a zarge doki da igiya, a rufe masa ido, a ɗaura sirdi, wani ya haye ya yi ta fama da shi har ya gaji da tutsu ya sallama. Amma a Kalifoniya akwai tsohuwar al'adar makiyaya masu jin Sifaniyanci da suke fara doki da ragamar hanci ba ƙarfe a baki, sai bayan shekaru a sa masa linzami. Daga wannan al'ada 'yan'uwa biyu 'yan jihar Oregon suka ɗora, Bill Dorrance (1906 zuwa 1999) da Tom Dorrance (1910 zuwa 2003), mutane marasa son surutu, su dai maganarsu ji da doki, da sanin daidai lokacin da za a matsa da lokacin da za a saki. Almajirin Tom, Ray Hunt (1929 zuwa 2009), shi ya fara yawo gari-gari yana koyarwa daga shekarun 1970, da ƙa'idarsa ta a sauƙaƙa wa doki abin da ake so, a sa wanda ba a so ya zama mai wahala. Daga nan sai Buck Brannaman da Pat Parelli da Monty Roberts, wanda Sarauniya Elizabeth ta biyu ta gayyata fadar Windsor a 1989, abin da ya sa sunansa ya zagaya duniya.

Yadda ake yi

Ginshiƙin duka shi ne matsi da saki. Misali ana so duƙushi ya koyi bin ragama, sai mai horo ya tsaya a gefen kafaɗarsa ya ɗan ja igiyar, ja mai sauƙi, ya riƙe haka ba ƙari ba ragi. Dokin zai iya ɗaga kai, ya ja baya, ya yi tsaye ƙiƙam, duk ba za a fizge shi ba kuma ba za a saki ba, amma da zarar ya ɗaga ƙafa ɗaya ya yi gaba ko da rabin taku ne sai a sassauta igiyar nan take a shafa wuyansa. Sakin nan shi ne darasin, in aka makara da daƙiƙa biyu ko uku doki ba zai san me ya yi daidai ba, in kuma aka saki lokacin da yake ja baya to an koya masa ja baya ke nan. A haka ake tafiya har ya zama ɗan motsin yatsa ya isa.

Sai sabarwa, wato a fara taɓa shi da tsumma, sannan bargo, sannan sirdi ba a ɗaure ba, majayi kuma rami ɗaya-ɗaya ake ƙara shi, mahayi ya fara kwantar da cikinsa a kan sirdin kafin ranar da zai sa ƙafa a likkafa. Wasu suna aiki a zagayayyen shinge mai faɗin mita 15 zuwa 18, a sa doki ya yi ta zagaye har ya juyo da kunne ɗaya wajen mutum, ya sunkuyar da kai yana lasar baki, sai mutumin ya juya masa kafaɗa dokin ya biyo shi, wannan ce Roberts ya sa wa suna Join-Up. Akwai kuma masu amfani da lada, a danna wani ɗan abu mai ƙara daidai lokacin da doki ya yi abin da ake so sannan a ba shi ɗan abinci, Alexandra Kurland ce ta yaɗa wannan a shekarun 1990.

Saɓani

Masu bincike, musamman na ƙungiyar kimiyyar hawan doki ta duniya da aka kafa a 2007, sun yarda hanyar tana aiki amma ba su yarda da bayanin da wasu masu bin ta suke yi na wai doki yana ɗaukar mutum shugaban garke ba. A 2012 a Jami'ar Sidni ta Ostareliya an gwada da 'yar motar wasa mai rimot a cikin shingen, dawaki suka koyi zuwa wajenta ita ma. Wasu suna ganin korar doki a shinge tsoratarwa ce ko da ba duka. Tsofaffin masu horo kuma suna cewa an sa wa tsohon ilimi sabon suna ne ana sayar da igiya da sanda da tsada. Wasu dangin Roberts sun musanta wani ɓangare na labarin yarintarsa.

A wasanni, hukumar wasannin dawaki ta duniya ta hana lanƙwasa wuyan doki da ƙarfi a 2010, kuma bayan dukan da aka ga an yi wa wani doki a gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021 an cire hawan doki daga wasan da abin ya faru a cikinsa, wato fentatalon na zamani mai rukuni biyar, bayan gasar Faris ta 2024.

A ƙasar Hausa

Doki a nan na sarauta ne da yaƙi tun da daɗewa, sarautu irin su Madawaki da Shamaki da Sarkin Dawaki shaida ne, kuma UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024. Wani ɓangare na riƙon dokin Hausa ya dace da lallashi ba tare da an kira shi haka ba, doki yana turke a cikin gida, kullum ɗan barga yana kansa da harawa da dusa da kanwa, yana wanke shi yana masa magana, ana fita ƙilisa da shi da yamma, ya saba da tambari da algaita da ƙarar bindiga. Inda matsalar take shi ne linzamin gargajiya mai zoben ƙarfe da ke kewaye haɓa, wanda yake tsayar da doki cak a tsakiyar sukuwa amma a hannun wanda bai iya ba yakan fasa baki har jini, haka ma kaimi mai tsini, da hawan duƙushi tun ƙashin bayansa bai ƙosa ba, alhali ƙashin bayan doki ba ya gama ƙwari sai ya kai wajen shekara 5 zuwa 6.