Me Kirista ke nufi idan ya ce "bege"?

Wani dattijo maƙwabcina a Zango ya tare ni ranar Lahadi bayan mun taso daga sujada, ya ce: "Ɗana, ina jin ku kuna ta ambaton bege a waƙoƙinku. Begen wa kuke yi?" Tambayar ta dace. A kunnen Badamagare, bege shi ne waƙar yabon Annabi da ake rerawa daren Mauludi, ko kuwa abin da ke cin zuciyar matar da mijinta ya tafi Libiya ci-rani shekara biyu ba labari. Kewa ce mai zafi ta wanda ake ƙauna, ba ya nan.

To, Kirista bai jefar da wannan ma'anar ba, ƙari ya yi mata. A Sabon Alkawari, wanda aka rubuta da Helenanci, kalmar ita ce "elpis". Masu fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fara fitowa cikakke a 1932, wani lokaci sun ce bege, wani lokaci sa zuciya. Abin da ake nufi shi ne jiran abin da Allah ya yi alkawari: komowar Yesu Almasihu, tashin matattu, da ranar shari'a. Ya bambanta da fata. Mai fata yana cewa "Allah ya sa", bai san ko za ta yiwu ba. Mai bege ya riƙe maganar wanda ba ya saɓa alkawari, ranar ce kawai bai sani ba, kuma Linjilar Matiyu 24:36 ta ce ko mala'iku ba su san ta ba. Shi ya sa duk mai wa'azin da ya lissafa maka shekarar tashin duniya, sai ka kama gabanka.

Inda na fi so mu tsaya shi ne abin da mutum ke yi cikin jiran. Yakubu, a sura 5 ta wasiƙarsa da ke cikin Sabon Alkawari, ya kawo misalin manomi mai jiran ruwan fari da na ƙarshe. Mu nan ba sai an yi mana bayani ba. Ka fita ƙauyukan Mirriya ƙarshen watan Mayu, ƙasa ƙayau, sama ba ko gajimare, za ka ga mutum da sungumi yana sara, ƴaƴansa na biye suna jefa hatsi suna rufewa da diddige. Binne ke nan. Irin da ya zuba daga ɗan abin da ya rage a rumbu ya ɗebo shi, da ya so da an yi tuwo da shi daren nan. Wannan aikin shi ne jimiri, kuma manzo Bulus a wasiƙarsa ga Romawa, sura 5, ya ɗaure su da igiya ɗaya: wahala ta haifi jimiri, jimiri ya haifi hali nagari, hali ya haifi bege. Wasu Kiristoci a birnin Tasalonika sun bar sana'a wai Ubangiji ya kusa dawowa. Bulus ya rubuta musu cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci.

Ikkilisiyar Damagaram ƙarama ce, ko da yake tun 1924 ƴan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) suka sauka a garin. Ranar 16 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u a nan, washegari aka yi haka a Yamai. Na ga wata tsohuwa da tsintsiya tana share toka a inda bagade yake, ba ta zagi kowa ba. Ita ta koya mini cewa wanda ya gaskata akwai Alƙali a gaba, ramuwa ba aikinsa ba ce.

Shari'ar kanta, yadda Matiyu 25 ta zana ta, tambayoyinta na cikin gida ne: mai yunwa ka ba shi abinci? Baƙo ka sauke shi? Majinyaci da ɗan kurkuku ka je duba su? Mai ƙishi ka ba shi ruwa? Wannan ta ƙarshe tana da nauyi a garin da famfo kan yi kwanaki bai ɗiga ba a watan Afrilu, ana layi da jarkoki tun asuba.

Da na gama, dattijon ya yi shiru, sannan ya ce: "Ashe ku ma jira kuke." Na ce masa i, Baba.