Mece ce "kalmar bogi" a gwajin karatun yara?

Kalmar bogi kalma ce da aka ƙirƙira da gangan. Tana bin ƙa'idar rubutun harshe, baki na iya furta ta, amma ba ta da ma'ana ko kaɗan. Misali zeɗo, ko nifu, ko lombi.

To me ya sa za a ba yaro kalmar da babu ita ya karanta? Saboda hadda tana ɓoye matsala. Yaro na iya riƙe siffar "makaranta" kamar yadda yake riƙe fuskar wanda ya sani, ko ya dubi hoton da ke gefe ya cinka daidai. Malami ya ɗauka ya iya, iyaye su yi murna, a yi ta tafiya a haka har littafi ya yi masa nauyi. Amma zeɗo bai taɓa ganinta ba. Dole ya bi harafi bayan harafi, ya ba kowanne sautinsa, sannan ya haɗa su. Wannan haɗa baƙi da sauti shi ne inda masu disleksiya, wato lalurar wahalar karatu, suka fi shan wuya, ko da kuwa suna da kaifin basira.

Shi ya sa ake haɗa jeri biyu. Gwajin TOWRE da ya fito a Amurka a 1999 yana ba yaro daƙiƙa 45 ga kalmomin gaske, wasu 45 ga na bogi. EGRA, wani gwajin karatu na yaran azuzuwan farko da aka tsara a 2006, minti ɗaya yake bayarwa. Agogon yana da dalili: a harsunan da rubutunsu ke bin furuci sau da ƙafa, irin su Italiyanci, mai lalurar yakan karanta daidai, sai dai da tsananin jinkiri.

Abin da ke damuna shi ne saurin yanke hukunci. Yaron da ba a taɓa koya wa sautin haruffa ba shi ma zai faɗi wannan gwaji, haka wanda ba ya gani ko ji sosai. Maki kaɗai ba ya rarrabe su. Sai mai gwajin ya rubuta ainihin abin da yaron ya furta. Wanda ya ga nifu ya ce "nufi" ya nuna cewa rumbun haddarsa ya koma ya ɗauko kalma mai kama da ita. Wanda kuwa ya ce "ni... fu" a hankali yana bin haruffan, sauri ne bai samu ba tukuna.