Salamanda Ba Kadangaren Ruwa Ba Ce

Tun da bidiyon wata 'yar halitta mai ruwan hoda, mai geza a gefen kai, ya fara yawo a wayoyin mutane, nake jin masu gabatar da shirye-shirye a rediyo suna kiranta "kadangaren ruwa", wasu ma har suna ƙarawa da cewa tana nan birjik a fadamun Kebbi. Sunanta aksolotil, asalinta ruwan Sochimilko da ke birnin Meksiko, kuma ɗaya ce daga cikin dangin salamanda, waɗanda suka haura nau'i 700.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk Bakaben da aka ce wa kadangaren ruwa, guza ce za ta faɗo masa a rai, alhali babu abin da ya haɗa su sai ƙafa huɗu da wutsiya. Guza tana da busasshiyar fata mai ɓawo da farata, kuma a tudu take saka ƙwanta. Salamanda kuwa 'yar uwar kwaɗo ce: fatarta sulɓi gare ta da danshi, tana shaƙar iska ta cikinta, ba ta da ɓawo, kuma yawancinsu a ruwa ko a wuri mai laima suke zuba ƙwai marar kwasfa. Da "kwaɗo mai wutsiya" aka ce, da an fi kusa da gaskiya.

Sunan salamanda kansa tsoho ne. Daga Girkanci ya fito, Larabawa kuma suna cewa samandal, kuma mutanen da sun daɗe suna ɗaukar cewa wuta ba ta cin wannan dabba. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne takan ɓuya a cikin ruɓaɓɓen icce mai danshi, idan aka jefa iccen a murhu sai ta fito a guje, masu kallo su ce wuta ce ta haife ta. Ke nan ba yau aka fara yi mata ƙage ba.

Nau'o'in da ke haihuwa a tafki ba su faɗa wa kowane ruwa, kuma wannan zaɓen ne ya fi burge ni. Da yawansu sun fi son ɗan kududdufin da kan ƙafe idan rani ya yi, domin ruwan da ke ƙafewa kifi ba ya zama cikinsa, shi kuwa kifi ba ya barin ƙwai ko 'ya'ya. Sai dai caca ce, don in ruwan ya janye kafin 'ya'yan su rikiɗe su iya hawa tudu, haihuwar shekarar ta tafi a banza. Ɗan salamanda mafarauci ne tun yana ƙarami, ba kamar talibambam ba da ya fi dogara da gansakuka. Yakan laɓe a gindin ciyawa, ya buɗe baki farat ɗaya ya zuƙe ruwa tare da abin da ke cikinsa, ko 'ya'yan sauro, ko tsutsa, ko talibambam ɗin kansa. A wani nau'i na Amurka, idan cunkoso ya yi yawa, wasu 'ya'yan kan yi faffaɗan kai da manyan haƙora, su koma cin 'yan uwansu. Manyan da suka hau tudu kuma ƙwari da tana da dodon koɗi suke nema, galibi da dare.

Maganar cewa tana Kebbi kuwa, babu salamanda a Najeriya, babu ita a duk Afirka kudu da Sahara. Sai an je Maroko, Aljeriya da Tunisiya. Na faɗi haka a Argungu, wani dattijon masunci ya rantse mini cewa ya sha ganinta a homarsa da damina. Na ce, "Baba, yaya take?" Ya nuna tsawon ɗan yatsa, ya ce doguwa ce, da geza a bayan kai da wasu siraran ƙafafu kamar zare. Ɗan gaiwa yake nufi, domin shi ma yana ƙarami da irin wannan gezar yake numfashi, kafin ta shanye ya koma leƙowa sama yana shaƙar iska. Da na faɗa masa, sai ya yi dariya ya ce ai ita gaiwa tun yana yaro yake tono ta a busasshen laka.