Haller Park: Ramin Kamfanin Siminti Da Ya Koma Daji A Mombasa

Tambaya: Ina wannan wuri yake, kuma mene ne asalinsa?

Amsa: Yana unguwar Bamburi, arewa da birnin Mombasa na ƙasar Kenya, a kan hanyar Malindi. Kamfanin siminti na Bamburi ya fara aiki a 1954, ya yi ta haƙar dutsen farar ƙasa har wurin ya zama wani makeken rami fari fat. Ba ƙasar noma, ba inuwa, ruwan da ke ƙarƙashi kuma da gishiri-gishiri. A 1971 René Haller, masanin aikin gona ɗan ƙasar Suwizalan da ke aiki da kamfanin, ya fara gwada dashen itatuwa a ciki.

Tambaya: To yaya itace ya kama a kan dutse?

Amsa: Nan ne labarin ya fi daɗi. Haller ya dasa iri 26, uku kacal suka rayu: kwakwa, da conocarpus, da casuarina. Wannan na ƙarshen shi ya zama jigo, domin yana jure gishiri da fari, saiwarsa kuma na samar wa kanta sinadarin naitirojin daga iska. Sai dai ganyensa siriri ne kamar allura, idan ya zuba ba ya saurin ruɓewa. Haller ya lura da wata ƙadandoniya mai jajayen ƙafafu tana cin busasshen ganyen, sai aka tattaro su da yawa aka sake a ramin. Suna ci suna kashi, kashin yana zama taki, har baƙar ƙasa ta taru a kan dutsen. Daga nan iska da tsuntsaye da birai suka riƙa kawo irin wasu tsirrai, su ma suka kama.

Ni a ganina, duk wanda ya je ya tsaya ga kallon manyan dabbobi kawai ya yi asarar rabin kuɗin shigarsa. Ka durƙusa a gindin itace, ka ture ganye da ɗan kara, ka ga kaurin baƙar ƙasar da farin dutsen da ke ƙarƙashinta.

Tambaya: Waɗanne dabbobi ake gani?

Amsa: Akwai raƙuman dawa, waɗanda ake ba baƙi damar miƙa musu abinci da hannu a lokacin da aka tsayar. Akwai dorina, kada, manyan kunkuru, birai, macizai a keɓe, da tafkunan kiwon kifin karfasa. A nan ne aka kawo Owen, jaririn dorinar da aka ceto kusa da Malindi bayan ambaliyar tsunami ta Disamba 2004, ya manne wa wani tsohon kunkuru mai suna Mzee yana bin sa duk inda ya sa ƙafa, har labarinsu ya zagaya duniya.

Tambaya: Me ya kamata mai ziyara ya tanada?

Amsa: Ruwan sha, takalmin tafiya, da maganin sauro. Gaɓar teku ce, akwai zafi da gumi. Ka tambayi lokacin ciyar da dabbobi tun a ƙofa. Kada ka riƙe abinci a fili, biran wurin sun saba da mutane, fizgewa suke yi.

Tambaya: Za a iya yin irin wannan a wajenmu?

Amsa: Ramukan dai muna da su: ga kududdufan da haƙar kuza ta bari a Jos da kewaye, ga wuraren haƙar dutsen siminti a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe. Amma ruwan saman Mombasa ya fi na Sakkwato nesa ba kusa ba, saboda haka kwafo casuarina kai tsaye ba dabara ba ce. Abin ɗauka shi ne yadda aka yi aikin: a gwada iri da yawa, a ga wanda ya rayu, a ba shi shekaru. Kuma a wajabta wa kamfanin da ya haƙa ramin ɗaukar nauyin gyaransa tun ranar da aka ba shi lasisi.