Noman Bishiyar Kirsimeti

Noman bishiyar Kirsimeti sana'a ce ta rainon itatuwan ƙasashen sanyi waɗanda ba sa kaɗe ganye, domin a sare su a sayar wa masu ƙawata gida lokacin bikin. Da can daga daji ake saro su. A Amurka, gonar farko da aka sani ita ce ta W. V. McGalliard, wanda ya dasa itatuwa 25,000 a jihar New Jersey a 1901. Yanzu jihohin Oregon da North Carolina ne kan gaba a can. A Turai kuwa yankin Sauerland na Jamus ya shahara da noman, Denmark kuma da fitarwa waje.

Cinikin na 'yan makonni ne, wahalar ta shekaru. Nau'in bishiyar da ake kira Nordmann, wanda Turawa suka fi so saboda ganyensa ba ya saurin zuba, galibi daga tsaunukan Racha na ƙasar Jojiya ake samo irin shukarsa, inda maza ke hawa ƙololuwar dogayen itatuwa wajen Satumba su tsinko kwanson iri. Tsiron yakan yi shekara uku ko huɗu a wurin raino kafin a dasa shi a gona, sannan ya ƙara bakwai zuwa goma kafin ya kai mita biyu.

Aikin da ya fi cin rai shi ne aski. Kyan siffar nan da mai saye ke gani, faɗi a ƙasa, tsini a sama, rabinsa aikin hannu ne. Daga Yuni zuwa Agusta ma'aikaci yakan zagaya kowace bishiya da doguwar wuƙa mai kaifi, yana sharɓe rassan da suka yi tsawo daga sama zuwa ƙasa, ƙafafunsa ɗaure da kariya don kada wuƙar ta zarce. Haka za a yi mata kowace shekara. Ga cire ciyawa, ga zuba taki, ga ruɓewar saiwa, ga barewa mai cinye toho. Tsananin zafin da aka yi a Oregon a 2021 ya ƙone ƙananan dashe masu yawa.

Kafin sara, ana ɗaura wa kowace bishiya ƙyalle mai launi da ke nuna darajarta. A Nuwamba a shiga sara ba dare ba rana, inji ya matse rassan a cikin raga, a loda manyan motoci. A North Carolina yawancin leburorin daga Meziko suke zuwa. A manyan gonakin Oregon har jirgi mai saukar ungulu ke kwaso dammai daga gangaren tudu. Sanyi na wucewa, sai a sake dashe tsakanin kututturan.