Jirgin Ryan PT-22 mai lamba N53178

N53178 ƙaramin jirgin sama ne mai kujera biyu, samfurin PT-22 Recruit, wanda kamfanin Ryan Aeronautical na San Diego ya ƙera a 1942 domin koyar da matuƙan sojan Amurka. An fi saninsa da haɗarin ranar 5 ga Maris, 2015, lokacin da injinsa ya mutu jim kaɗan bayan tashi daga filin jirgin Santa Monica a jihar Kalifoniya, ya sauka dole a filin wasan golf na Penmar. Matuƙinsa a ranar shi ne ɗan wasan fim Harrison Ford, yana da shekara 72, kuma shi kaɗai ne a ciki.

Ƙira

PT-22 ya samo asali daga jirgin Ryan ST, wanda ya fara tashi a 1934. An ƙera sama da 1,000 na wannan samfuri a farkon shekarun 1940. Gangar jikinsa ta alminiyam ce, fukafukansa kuwa suna ƙasa, an yi ƙashin bayansu da katako, an lulluɓe da yadi, sannan aka ɗaure su da wayoyin ƙarfe sama da ƙasa. Faɗinsu daga baki zuwa baki ƙafa 30 ne da inci ɗaya. Kujerun biyu suna jere, ɗaya a gaba ɗaya a baya, babu rufi a kansu. Tayoyi biyu ne a gaba da ƙarama ɗaya a wutsiya.

Injinsa Kinner R-540 ne, mai silinda biyar da aka jera a da'ira bayan farfela, iska ce ke sanyaya shi, ƙarfinsa doki 160. Iyakar gudun jirgin kimanin mil 125 a awa. Matuƙa sun san halinsa: idan aka rage wuta yana zubar da tsayi da sauri, idan kuma gudunsa ya faɗi ƙasa da kima yakan saki iska, wato fukafukansa su kasa ɗaukar nauyinsa, ba tare da dogon gargaɗi ba. Ga makarantar soja wannan ba aibi ba ne, domin ɗalibin da ya iya sauke shi lafiya ya shirya wa jirgin da ya fi shi nauyi.

Daga hannun soja zuwa na farar hula

Da yaƙin duniya na biyu ya zo ƙarshe, gwamnatin Amurka ta sayar da ɗaruruwan waɗannan jirage da araha a matsayin rarar kayan soja. A rajistar farar hula sunan samfurin ST3KR ne, da shi kuma aka yi wa N53178 rajista. Hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, tana ajiye fayil na kowane jirgi a ofishinta na Oklahoma City, inda ake shigar da takardar ciniki duk lokacin da jirgi ya sauya hannu. Wannan fayil yana nuna wa ya mallaki jirgin. Abin da aka yi wa jirgin kuwa yana cikin littattafan gyara na gangar jiki da na inji, waɗanda ke bin jirgin daga mai shi zuwa mai saye. Ga tsohon jirgi waɗannan littattafai sun fi fayil ɗin rajista muhimmanci, saboda sabon mai shi yana gādon aikin makanikan da bai taɓa gani ba.

An kammala yi wa N53178 garambawul gaba ɗaya a 1998, inji da gangar jiki, a lokacin ne kuma aka kwance kafiretarsa aka sake haɗawa. A ranar haɗarin rajistarsa tana da sunan kamfanin MG Aviation, Ford ne ke tuƙa shi. Jikinsa launin azurfa ne, fukafukai rawaya, da lamba 50 a gefe, irin fentin makarantun soja na wancan zamani.

Haɗarin

Da misalin ƙarfe 2:20 na rana jirgin ya tashi daga titi mai lamba 21, wanda ke fuskantar kudu maso yamma, wajen teku. Yana hawa, a tsayin kimanin ƙafa 1,100 daga matakin teku, injin ya ɗauke. Ford ya sanar da hasumiyar kula da tashi da saukar jirage cewa inji ya mutu kuma zai dawo nan take. An ba shi titi na 21, ya ce sai dai na 03, wato titin nan dai amma daga ɗaya bakin, wanda ya fi kusa da shi. Ya karya hagu ya nufi filin.

Tsayin bai isa ba. Da ya ga ba zai kai ba, sai ya nufi filin golf da ke daf da bakin titin, tsakiyar unguwa mai cike da gidaje. Jirgin ya daki kan wata bishiya mai tsayin kimanin ƙafa 65, sannan ya bugi ƙasa kimanin ƙafa 800 kafin bakin titin. Hancinsa da fukafukansa da gangar jikin sun lalace sosai, amma wuta ba ta tashi ba, kuma babu wanda ya ji rauni a ƙasa. Mutanen da ke wasa a filin, cikinsu har da likitoci, su suka fara kai masa agaji. Ya samu karaya a ƙugu da idon sawu.

Juyawa zuwa filin da aka baro bayan mutuwar inji abu ne da malaman tuƙi ke jan kunne a kansa, domin kwana tana cin tsayi, kuma matuƙi yakan ja hancin jirgi sama don ya kai, sai jirgin ya saki iska ya juya ya faɗi da ka. A nan hakan bai faru ba. Jirgin ya isa ƙasa yana hannun matuƙinsa, kuma an fito da shi da rai.

Abin da bincike ya gano

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da rahotonta a watan Agusta na 2015. Matsalar tana cikin kafireta, samfurin Holley 419. A cikinta akwai wani ɗan ƙarfe mai tiredi da rami a tsakiya, wanda makanikai ke kira jet, shi ke auna yawan fetur da zai gauraya da iska. Injin fetur yana son iska kashi 12 zuwa 15 ga kashi ɗaya na mai, a ma'aunin nauyi. Idan mai ya yi yawa fiye da kima, haɗin ba ya kamawa ko da fulogi na ba da wuta. Masu binciken sun tarar babban jet ɗin ya kwance daga mazauninsa ya kuma karkace digiri 90, don haka mai ya riƙa kwarara ba awo har ya shaƙe injin. A ganinsu a hankali ya yi ta sassautawa tsawon lokaci, har ranar da ya fita gaba ɗaya.

Abin damuwa a nan shi ne duba na shekara-shekara da doka ta wajabta ba zai kama wannan ba, domin jet ɗin yana ciki, ba a ganinsa sai an buɗe kafiretar. Littafin gyaran kafiretar bai yi bayanin yadda ake ɗaura jet ko tabbatar da ɗaurinsa ba, littafin injin kuma bai nuna an sake duba kafiretar ba tun aikin 1998, kusan shekara 17 ke nan. Hukumar ta ce da littafin ya tanadi hanyar tabbatar da ɗaurin, da wuya jet ɗin ya kwance.

Abu na biyu da binciken ya gano ya shafi bel ɗin kafaɗa. Jirgin bai fito daga masana'anta da wannan bel ba, daga baya aka ƙara shi, kuma ƙarin a kan kansa abu ne mai kyau. Sai dai an ɗaure bakinsa da kusa mai tiredi a ƙasan majinginar kujera, wadda siririn alminiyam ce, ba a kuma ninka ƙarfen ko an sa faifan ƙarfafawa a kewayen ramin ba. Da jirgin ya bugi ƙasa, kusar da wosha da noti suka yage alminiyam ɗin suka fice, bel ɗin ya saki matuƙin. Hukumar ta lissafa wannan cikin abubuwan da suka ƙara tsananin rauninsa.

Haɗarin ya ƙara wa mazauna unguwannin kewaye hujja a tsohuwar takaddamarsu kan filin jirgin. A Janairun 2017 birnin Santa Monica da FAA suka cimma yarjejeniyar da ta ba da damar rufe filin bayan ƙarshen 2028, aka kuma rage tsawon titin daga kusan ƙafa 5,000 zuwa 3,500 a ƙarshen 2017.