Riƙon Amana a Koyarwar Kirista

Riƙon amana a koyarwar Kirista shi ne imanin cewa duk abin da ke hannun mutum, kama daga rai da lokaci zuwa dukiya, basira da muƙami, ajiya ce da Allah ya danƙa masa, kuma akwai ranar da za a tambaye shi yadda ya yi da ita. Tushen koyarwar yana cikin Tsohon Alkawari, kashi na farko na Littafi Mai Tsarki. Zabura 24:1 ta ce duniya da duk abin da ke cikinta na Ubangiji ne, a Farawa 2:15 kuma an sa mutum a gonar Aidan domin ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Sa'ad da jama'ar Isra'ila suka tara zinariya da azurfa domin gina Haikali, babban ɗakin sujada na Urushalima, Sarki Dawuda ya yi addu'a yana cewa daga cikin abin da Allah ya ba su ne suka mayar masa, kamar yadda 1 Tarihi 29:14 ya nuna.

A Sabon Alkawari, kalmar Girkanci da ke ɗauke da wannan ma'ana ita ce oikonomos, wato wakilin da maigida ya ɗora a kan gidansa, wanda makullan rumbu suke hannunsa, shi ne kuma yake auna wa barori abinci, alhali ko ƙwayar hatsi ɗaya ba tasa ba ce. Da wannan kalma Manzo Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 4:2 abin da ake nema a wurin wakili shi ne a same shi amintacce. Kalmar amana da Hausa ta aro daga Larabci ta fito daga tushe ɗaya da kalmar amin da ake rufe addu'a da ita, da kuma kalmar Ibrananci emuna, wadda ke nufin aminci.

Kiristoci suna ɗaukar riƙon amana a matsayin amsa ga alherin da ya riga ya zo. Afisawa 2:8-10 ta fara da cewa ceto kyauta ce ta wurin bangaskiya, sa'an nan ta ce an halicci masu bi domin kyawawan ayyuka. Katikisim na Heidelberg, littafin koyar da addini na Furotesta wanda aka wallafa a Jamus a 1563, ya bi wannan tsari, inda ya sa Dokoki Goma da addu'a a kashinsa na uku, ƙarƙashin babin godiya. Katolika da Furotesta sun sha bamban a kan matsayin ayyuka cikin ceto, amma sun haɗu a kan cewa Allah ne yake fara bayarwa.

Nassin da aka fi jingina wannan koyarwa da shi shi ne misalin da Yesu ya bayar na talanti, wato babban ma'aunin kuɗi na wancan zamani, a Matiyu 25:14-30. Wani mutum zai yi tafiya, sai ya ba bawansa ɗaya talanti 5, wani 2, wani 1, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Talanti ɗaya ya kai kimanin dinari 6,000, dinari ɗaya kuwa ladan yinin ɗan ƙodago ne, saboda haka ko wanda ya sami mafi ƙanƙanta ya riƙe abin da ya kai ladan aikin shekara 20 ko kusa da haka. Biyun farko suka juya kuɗin har ya ninka, maigida kuma ya yaba musu da kalmomi iri ɗaya, bai fifita mai 10 a kan mai 4 ba. Na ukun ya haƙa rami ya binne nasa, hanyar da mutanen wancan zamani suka saba adana dukiya da ita. A nan nauyin misalin yake: bawan nan bai saci ko kwabo ba, ya mayar da ajiyar cif yadda aka ba shi, amma aka hukunta shi, domin ya ɗauki ubangidansa mugu mai tsanani, tsoro kuma ya ɗaure masa hannu. Luka 16:10 ya ƙara da cewa mai aminci a ƙaramin abu mai aminci ne a babba.

A zamanin baya-bayan nan koyarwar ta faɗaɗa. John Wesley, wanda ya assasa ɗariƙar Metodis a Ingila a ƙarni na 18, ya koya wa mabiyansa su nemi iyakar abin da za su iya ta hanyar halal, su yi tanadi, su kuma bayar. Fafaroma Francis ya ɗora ta a kan kula da muhalli a wasiƙarsa ta Laudato Si' a 2015.

Wurin da aka fi gwada amanar mai bi, duk da haka, shi ne kuɗin jama'a. A 2 Sarakuna 12:15 an ce ba a nemi lissafi daga masu biyan ma'aikatan gyaran Haikali ba, saboda an san su da gaskiya. Bulus kuwa bai yarda a dogara da sunansa kaɗai ba. Da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, ya aiki abokin aikinsa Titus tare da wani ɗan'uwa da ikkilisiyoyi suka zaɓa da kansu, kuma ya bayyana dalilinsa a 2 Korantiyawa 8:20-21: kada kowa ya sami abin zargi, a yi abin da yake daidai a gaban Ubangiji da kuma gaban mutane. Irin wannan tsari ne ake gani a ikkilisiyoyi da yawa masu sujada da Hausa, inda dattawa biyu ko uku suke zama bayan sujadar Lahadi su ƙirga baiko tare, su rubuta adadin a littafi, kafin ma'aji ya karɓa.